JINI DA RUKUNONINSA: TARIHIN DA YA SHAFI KOWANE MAZAUNIN SULEJA

Bahaushe ya daɗe yana magana a kan jini. In mutum na da masoya, a ce yana da farin jini, in kuwa kowa gudunsa yake, a ce baƙin jini gare shi. In mutum biyu suka shaƙu daga haɗuwar farko, sai ka ji an ce jininsu ne ya haɗu, in kuma suka kasa jituwa ba tare da wani dalili ba, ɗayansu ya ce, "Ni dai jinina bai haɗu da na wane ba." Kakanninmu a kan hali da ɗabi'a suke wannan magana, amma ashe akwai wata gaskiya ta zahiri a cikinta. Lalle akwai jinin da ke haɗuwa da wani, akwai kuma wanda in an haɗa su sai gawa. Likitocin Turai sun shafe fiye da shekara 200 suna lalube, an kuma yi asarar rayuka, kafin su gano haka.

Dalilin kawo wannan tarihi a mujallarmu shi ne irin zaman da muke yi. Yawancinmu zuwa muka yi. Wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato, wani Zariya, wani ma daga Maraɗi ko Damagaram, neman halali ya ajiye mu a nan. To, a asibitocin ƙasar nan, in aka ce mara lafiya na bukatar jini, abin da aka fi yi shi ne ma'aikaciya ta leƙo ta ce wa mai jinya, "Malam, je ka nemo wanda zai ba da jini." Wanda ke garinsu sai ya aika gida, kafin ka ce kwabo 'yan uwa sun cika baranda. Kai fa da danginka ke nisan tafiyar awa shida ko bakwai a mota? Shi ya sa sanin rukunin jini, wanda yake da kyau ga kowa, a wurinmu ya zama tilas.

YADDA AKA FARA

Mutanen da, a ƙasar Hausa da sauran duniya, sun iya fitar da jini amma ba su iya mayar da shi ba. Wanzami zai kafa ƙaho ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini, ya yi tsaga, ya yi sakiya. Amma wanda kibiya ta huda ko macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, sai dai a ɗaure, a ba da jiƙo, a yi addu'a. Ba a ma san hanyar da jini ke bi a jiki ba. Wani malamin Musulunci, Ibnun Nafis, wanda ya yi aikin likita a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini na fita daga zuciya ya ratsa huhu sa'an nan ya komo. Sai a 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya nuna cewa jini zagaye yake yi a jiki duka, zuciya ce ke tura shi kamar famfo.

Da aka fahimci haka sai tunani ya zo: tun da jini tafiya yake cikin jijiyoyi, me zai hana a ɗura wa wanda nasa ya ƙare? A 1665 Richard Lower ya gwada a garin Oxford, ya ɗauki jinin kare ya sa wa wani kare, karen ya rayu. A 1667 kuma wani likita a Faransa, Jean-Baptiste Denis, ya sa wa wani yaro jinin ɗan rago. Yaron bai mutu ba, mai yiwuwa saboda jinin ɗan kaɗan ne. Wannan ya ƙara wa Denis ƙarfin gwiwa, ya sa wa wani mai taɓin hankali jinin maraƙi, wai ko sanyin halin dabbar zai sauko masa da hankali. Mutumin ya yi ta amai, fitsarinsa ya koma baƙi ƙirin, daga baya ya mutu, aka shiga shari'a. Ba a jima ba hukuma ta hana wannan aiki, aka yi watsi da shi har kusan shekara 150.

A 1818, wato shekara guda bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wani likitan mata a Landan mai suna James Blundell ya tayar da maganar. Abin da ya dame shi shi ne yawan matan da ke mutuwa a hannunsa saboda zubar jini bayan haihuwa. Ya gane cewa jinin dabba ba ya yi wa mutum, dole sai na ɗan Adam. Ya riƙa ɗibar jinin miji ko na mataimakansa da sirinji yana sa wa maijego. Wasu suka tashi kamar an yi ruwa an ɗauke, wasu kuwa suna karɓar jinin sai jiki ya ɗau rawa, su cika. Shi kansa bai san dalili ba. Haka aka ci gaba har ƙarshen ƙarni na 19, ƙarin jini ya zama caca, likita ba ya yin sa sai ya ga babu sauran dabara.

MUTUMIN DA YA WARWARE ƘULLIN

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai wani matashin likita, Karl Landsteiner. A 1901, shekara biyu ke nan kafin Turawa su ci Kano, ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba kowanne gida biyu, jajayen ƙwayoyi daban, ruwan jinin daban. Sai ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan wancan. Ya ga wani haɗin yana zama lafiya lau, wani kuwa nan take ƙwayoyin su dunƙule su yi gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Da ya bi abin a hankali sai ya ga mutane sun kasu gida uku. Su ne ake kira A da B da O a yau. A 1902 wasu abokan aikinsa biyu, Decastello da Sturli, suka gano na huɗu, wato AB.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Ku ɗauka jikin mutum birni ne mai ganuwa, jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan gari, kowanne da tsagar gado a fuskarsa. Wani jinin tsagar A gare shi, wani tsagar B, wani ya haɗa duka biyu, shi ne AB, wani kuwa ba shi da ko ɗaya, shi ne O. A cikin ruwan jinin kuma akwai dogarai, aikinsu kama duk wanda ya shigo da tsagar da ba ta garin ba. Dogaran mai A suna kama mai tsagar B, na mai B suna kama mai tsagar A. Mai O dogaransa iri biyu ne, da A da B duk kamawa suke. Mai AB kuwa ba shi da waɗannan dogarai, domin tsagar biyu duk ta gida ce a wurinsa. Ke nan in aka yi kuskure aka sa wa mai O jinin A, dogarai za su far wa baƙin, su farfasa su cikin jijiya. Daga nan sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon baya, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya, in ba a yi sa'a ba rai ya yi halinsa.

Wannan ne ya sa jajayen ƙwayoyin mai O ke shiga jikin mutanen kowane rukuni, tun da fuskarsu ba tsaga, amma shi mai O ba ya karɓar na kowa sai na O ɗan uwansa. Mai AB kuwa yana karɓa daga duka huɗun. A Nijeriya kusan rabin jama'a O ne, A da B kowanne wajen kashi ɗaya cikin biyar ko sama kaɗan, AB kuwa 'yan kaɗan ne. A 1907 wani likita a New York, Reuben Ottenberg, ya fara gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a ɗura, abin da har yau kowane asibitin kirki ke yi. Landsteiner ya sami lambar yabo ta Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita aka mayar Ranar Masu Ba Da Jini ta Duniya tun 2004.

Saura matsala guda. Jini in ya bar jiki daskarewa yake cikin 'yan mintoci, saboda haka dole mai bayarwa ya kwanta kusa da mara lafiya. A 1914 wasu likitoci, Albert Hustin a Beljiyam da Luis Agote a Ajantina, suka gano cewa wani sinadari da ake kira sitiret yana hana shi daskarewa. Ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917, wani likitan sojan Amurka, Oswald Robertson, ya tara jinin O a kwalabe cikin ƙanƙara kusa da fagen daga a Faransa, yana jiran masu rauni. A 1937 Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a wani asibiti a Chicago, shi ya laƙaba mata suna bankin jini, wato wurin da wani ke ajiyewa wani ya cira. A yau ledar jini kan yi kwana 35 zuwa 42 a firji, muddin wuta ba ta yanke ba.

ALAMAR TARAWA DA TA ƊEBEWA

Duk wanda ya taɓa ganin takardar gwajin jini ya lura cewa bayan harafin akan sa alama, ko ta tarawa ko ta ɗebewa, kamar O+ ko O-. Ma'aikatan asibiti na cewa fozitif da negatif. Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne.

A 1939 wasu likitoci biyu a Amurka, Philip Levine da Rufus Stetson, suka ba da labarin wata mata da ta haifi ɗa ba rai, ta zubar da jini. Aka sa mata jinin mijinta, tun da ita O ce shi ma O ne. Amma jikinta ya ƙi jinin, ta sha wuya ƙwarai. Likitocin suka gane lalle akwai wata tsaga ta dabam da mijin ke da ita, jaririn ya gada, ita kuwa matar ba ta da ita. A 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka yi bincike da jinin wani irin biri da ake kira resos, daga nan sunan Rh ya samo asali. Mai wannan tsaga shi ne fozitif, wanda ba shi da ita shi ne negatif. Negatif ba cuta ba ce, ba kuma tawaya ba ce, halitta ce kawai. A Turai wajen mutum 15 cikin 100 negatif ne, a Nijeriya kuwa wajen 5 ne cikin 100. Wannan ƙaranci shi ne haɗarin, domin ran da mai negatif ya bukaci jini, nemansa ya zama aiki.

Ga mace kuma akwai ƙarin magana. In ita negatif ce, mijinta fozitif, ɗan da ke cikinta yana iya gado uban. Galibi cikin fari lafiya ake sauka. Amma wajen haihuwa ko ɓari, jinin ɗan kan ɗan shiga jikin uwar, sai jikinta ya ga baƙuwar tsaga ya ɗauki sababbin dogarai. In ta sake samun ciki kuma ɗan fozitif ne, dogaran nan su ratsa mahaifa su yi ta cin jininsa. Sai a haife shi da shawara mai tsanani, idanu da jiki ɗorawa shar, ko a haife shi a kumbure, ko ya mutu a ciki. Na uku ya fi na biyu wahala, na huɗu ya fi na uku.

Duk mun san kalmar wabi. Mun san yadda ake kallon matar da 'ya'yanta ba sa tsayawa, a ce iska ce, a ce maita ce, a zargi kishiya, wani lokacin har aure ya mutu. Abubuwan da ke kashe jarirai suna da yawa, ba za a ce duk wabi daga nan yake ba. Amma babu shakka a cikin matan da aka yi wa wannan tabo akwai waɗanda matsalarsu ke nan, ba laifinsu ba, ba laifin kowa ba. Tun 1968 aka fara amfani da wata allura da ake kira anti-D. In aka yi wa uwa mai negatif ita cikin awa 72 da haihuwa ko ɓari, jikinta ba ya ɗaukar dogaran, cikin gaba ya tsira. Allurar tana da tsada, ba kuma kowane kantin magani ke ajiye ta ba. Wanda ya san rukunin matarsa tun watannin farko yana da lokacin da zai tanada. Wanda bai sani ba kuwa, kwana uku kamar ƙiftawar ido ne, kuma in dogaran sun riga sun samu allurar ba ta korar su.

A ƘASARMU

A Arewa, wani babban aiki da ya buɗe wa duniya ido an yi shi ne a Zariya. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A wurin awo ne ake duba ƙarancin jini, a nan ne kuma ake sanin rukuninsa. Har yanzu zubar jini na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. Awa biyu ba ta isa a taso daga Funtuwa ba, balle Sakkwato.

Bayyanar cutar ƙanjamau, wadda aka ba da rahotonta na farko a Nijeriya a 1986, ta ƙara wa maganar nauyi. Tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su dogara ga masu ba da jini don Allah ba don kuɗi ba, domin wanda yunwa ta sa ya sayar da jininsa ba zai faɗi ciwon da ke jikinsa ba. A ƙa'ida duk ledar jini sai an duba ta an tabbatar babu ƙanjamau, babu ciwon hanta iri biyu na B da C, babu tunjere. A 2004 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ƙarin jini ta ƙasa a Abuja, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar da ta ƙarfafa ta. Duk da haka yawancin jinin da ake sa wa marasa lafiya a ƙasar nan daga dangi yake fitowa, ko daga 'yan sayarwa da ke raɓe a bakin asibitoci.

A nan ya kamata a raba abu biyu da jama'a ke cakuɗawa. Rukunin jini daban, gwajin sikila daban. Za ka tambayi mutum rukuninsa ya ce maka AA, alhali wannan amsar wata tambaya ce. AA da AS da SS, abin da ake kira jinotayif, su ke nuna ko mutum na ɗauke da amosanin jini. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, kuma in AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Shi ya sa a 2024 Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin ɗaurin aure. To, amma inda abubuwan biyu suka haɗu shi ne, yaro mai sikila yakan bukaci ƙarin jini ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, haka ma ƙananan yaran da zazzaɓin cizon sauro ke shanye wa jini da damina. Uban da ke da irin wannan yaro bai kamata ya kwana bai san rukuninsa ba.

SULEJA A BAKIN HANYA

Garin nan namu tun asalinsa garin masu ƙaura ne. Zamanin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu, bayan rasuwarsa ƙaninsa Abu Ja ya kafa birni a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Daga lokacin, musamman bayan gwamnati ta tare a Abuja a 1991, jama'a suka yi ta kwarara. Direbobi, 'yan tireda, mahauta, magina, 'yan gwari, ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu, duk nan suka yada zango, har garin ya haɗe da Madalla da Maje da Gauraka.

Albarkar hanya ce ta tara mu, amma hanya tana da nata haraji. Muna zaune ne inda titin Kaduna zuwa Abuja ya haɗu da na Minna, manyan motoci da tankoki dare da rana. Ba wanda ya manta da safiyar 18 ga Janairu, 2025, da tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, mutum fiye da 80 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitoci. Kafin wannan, a 8 ga Afrilu, 2011, ana jajiberin zaɓen 'yan majalisa, bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a nan Suleja, ya kashe mutum fiye da goma, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ranar 25 ga Disamba na shekarar wani ya tashi a cocin Saint Theresa da ke Madalla, aka rasa rayuka fiye da 30. A irin waɗannan ranaku Babban Asibitin Suleja kan cika, a wuce da wasu Gwagwalada da Abuja, kuma babu firjin asibitin da zai iya ɗaukar bukatar mutane da yawa haka a lokaci guda. Jinin da ke ceto a ranar shi ne wanda aka riga aka bayar, sai kuma na wanda ya zo ya ce, "Ni O negatif ne, ku ɗiba." Jini kuwa bai san ƙabila ko addini ba. Ledar Bagwari tana shiga jikin Bakano lafiya lau in rukuni ya dace, alhali ta wansa uwa ɗaya uba ɗaya tana iya kashe shi in bai dace ba.

WASU ZANTUKA DA KE YAWO

Na farko, zargi. Akan sami magidanci ya ga shi A ne, matarsa B, yaro kuma ya fito O, sai shaiɗan ya shiga. Tun 1924 wani masani a Jamus, Felix Bernstein, ya warware wannan. Kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma O ɓoyewa yake a bayan A ko B. Saboda haka uba mai A da uwa mai B suna iya haifar A ko B ko AB ko O, duka huɗun. Haka nan iyaye biyu masu fozitif suna iya haifar mai negatif. Ga kuma kuskuren rubutu da na gwaji da akan samu. Kada wanda ya rusa gidansa a kan guntuwar takardar da bai fahimta ba.

Na biyu, addini. Manyan malamai sun halatta ƙarin jini saboda larura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1989, ta yanke cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi, ta kuma ce sayar da jini bai halatta ba. Ke nan miji na iya ba matarsa ta fuskar shari'a, sai dai likitoci sun fi son a nemo na wani ga macen da ke kan ganiyar haihuwa, saboda irin abin da ya sami matar nan ta 1939.

Na uku, tsoron cewa ba da jini na rage ƙarfi ko ya hana haihuwa. Jikin baligi na ɗauke da wajen lita 5, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwan kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Lafiyayyen namiji na iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu, in dai an kai shekara 18 da nauyin kilo 50, kuma sai an auna an ga jinin ya isa.

ABIN DA YA RAGE MANA

Gwajin kansa ba wani abu ba ne. A huda ɗan yatsa, a ɗiga jini wuri uku a kan farin faranti, a sa wa na farko ruwan magani shuɗi, na biyu ɗorawa, na uku fari, a duba wanda ya yi gudaji. Minti biyar an gama, kuma rukunin da aka haife ka da shi shi za ka mutu da shi. A yi shi a asibiti ko ɗakin gwaji mai rajista. Direbobinmu su lura, akwai gurbin rukunin jini a jikin lasin, kuma da yawa cinta kawai suka yi ran cika fom. Likita ba zai dogara da katinka shi kaɗai ba, sai ya sake gwadawa, amma sanin da ka yi shi zai nuna wa masu jinyarka ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Saboda haka ga shawara ga shugabannin ƙungiya. Yadda muke da littafin kuɗin wata da na gudummawar biki da rasuwa, a buɗe na jini. A gayyato ma'aikatan lafiya ranar taro su gwada duk mai so, maza daban mata daban. A rubuta suna da unguwa da lambar waya da rukuni, shi ke nan, sauran sakamako sirri ne tsakanin mutum da likitansa. A ware masu negatif a shafi na musamman, domin a cikin mutum 200 da wuya a sami fiye da goma ko sha biyu, kuma ya kamata su san juna. A ajiye kwafi wurin sakatare, wani wurin shugabar mata, wani a tasha, wani a Kasuwar IBB. Masu lafiya kuma su riƙa zuwa suna bayarwa tun ba a nema ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane magidanci ya bar iyalinsa ta je awo, ya kuma tambaye ta abin da aka rubuta mata a kati.

Wanda ya bar garinsu, maƙwabcinsa shi ne danginsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.